Ziyarar mata zuwa tsohon ƙauyen haƙar zinare: inda za a je da yadda za a shirya

Tambayar ta fito ne daga wata Hajiya da ke shugabantar adashin mata a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Bunkure. Su 16 ne. Duk shekara bayan kaka sukan ware wani abu su yi abin da zai faranta musu rai, bana kuma wasunsu sun kawo shawarar a je a kwana ɗaya a wani tsohon garin da aka yi haƙar zinare, a ga ramukan, a ji tarihi daga bakin mutanen wurin. Tana son ta san wane gari ya dace, yadda za su tsara kuɗi da mota, da ko za a iya tafiya da yara.

Hajiya, Allah ya ƙara haɗa kanku. Shawarar tana da kyau, domin mace za ta shekara talatin da ɗan kunne a kunnenta ba ta taɓa ganin irin wahalar da ake sha kafin giram ɗaya ya fito daga dutse ba. Sai dai zaɓen garin shi ne rabin tafiyar, kuma a nan ne zan fi tsayawa.

Garuruwan da suka yi suna da zinare a Arewa suna yamma da mu ne: Anka, Bukkuyum da Maru a Zamfara, Birnin Gwari a Kaduna, Yawuri a Kebbi, da yankin Minna a jihar Neja. A waɗannan wurare Turawan mulkin mallaka suka yi haƙa tun daga wajen 1913, aikin ya kai ƙololuwa a shekarun 1930, sannan ya durƙushe lokacin yaƙin duniya na biyu aka bar ramukan. Tarihi kam akwai shi a can. Amma a halin da ake ciki ban yarda a ɗebi mata 16 a mota ɗaya a nufi ko ɗaya daga cikinsu don buɗe ido ba, ko da wani ya ce muku kwanan nan an samu sauƙi. Sauƙin mazauna gari daban, na baƙi daban. Mazaunin gari ya san ranar da ba a bin wata hanya, ya san wanda zai kira kafin ya fita. Ku ba ku da wannan, kuma motar baƙi mata abu ce da ake gani tun daga nesa. Matsalar tsaro ce ta sa gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ba a ɗage hanin ba sai ƙarshen 2024. Akwai kuma tsofaffin wuraren zinare a kudu, wajen Ilesha ta jihar Osun, amma nisansu ya fi ƙarfin kwana biyu.

Ko da an ajiye maganar 'yan bindiga, akwai dalili na biyu da ya shafe ku kai tsaye a matsayinku na iyaye mata. A 2010 likitocin MSF, ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa, suka lura yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano har da Bagega. Dutsen zinaren yankin yana gauraye da dalma, ƙarfe mai guba. Maza na haƙowa su kawo gida, a daka a tsakar gida, a niƙa da irin injin da ake niƙa hatsi, a shanya garin a inda yara ke rarrafe. Ƙurar ta shiga ƙasa, ta shiga abinci, ta shiga bakin yara ta hannuwansu. Yara sama da 400 suka rasu, yawancinsu 'yan ƙasa da shekara biyar, wasu da suka rayu kuma suka samu lahani a ƙwaƙwalwa da ba ya gyaruwa. A 2015 aka sake ganin irin haka a Shikira ta jihar Neja. Dalma ba ta da wari, ba ta ruɓewa a ƙasa, tafasa ruwa ba ya fitar da ita, kuma tana ratsawa daga mai ciki zuwa ɗan tayi. Saboda haka amsar tambayarki ta ƙarshe a fili take: kada a tafi da yara ƙanana, ko na goye, kuma mai ciki ta haƙura da wannan zuwan. Wannan ya shafi duk inda ake daka dutsen ma'adini, ba na zinare kaɗai ba.

Inda nake ba ku shawara ku duba shi ne Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, a ƙarshen kudancin jihar Kano. Kuza ce aka san garin da ita, ba zinare ba, amma in tsohon garin haƙa kuke nema a kusa, wanda tarihinsa ya riga zuwan Turawa, babu kamarsa a jihar. Mutanen Riruwai sun daɗe suna wanke kuza daga yashin rafi suna narkawa, su zuba narkakken ƙarfen ya fito sirara kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. Wasu daga cikin masu narkar sun yi ƙaura zuwa ƙasar Bauchi a ƙarni na 19 suka ci gaba da sana'ar a can. Irin waɗannan sandunan da 'yan kasuwar Turawa suka gani a hannun fatake ne suka sa suka bi sawu har suka kai ga kuzar Jos a farkon shekarun 1900. Da kamfanoni suka shigo, narkar gargajiya ta mutu. Daga baya an yi haƙar ƙarƙashin ƙasa a Riruwai, aikin ya tsaya a shekarun 1980, zamanin da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985. Garin yana cikin duwatsun da suka fi na ko'ina tsayi a jihar Kano, ga sanyi, ga rafuka, kuma har yanzu akwai masu haƙa da wanki.

Abin da zai sa ba ku yi asarar burinku na zinare ba shi ne hanyar wankin iri ɗaya ce. Duk wadda ta taɓa rege shinkafa a ƙwarya ta san aikin: ana juyawa a ruwa, mara nauyi ya tafi, mai nauyi ya kwanta a gindi. Yashi ya fi ruwa nauyi kusan sau biyu da rabi, kuza kusan sau bakwai, zinare kuwa sau 19. Mai wanki zai cika kasko da yashi, ya nutsa shi a ruwa, ya girgiza gefe da gefe don mai nauyi ya sauka, ya karkata bakin kaskon ruwa ya share na sama, ya maimaita har a ga baƙin gari ya rage a gindi. A wurin zinare, cikin wannan baƙin garin ne ake ganin 'yan ƙwayoyi rawaya. Ku roƙi a yi muku wannan a bakin rafi, a nesa da injin niƙa. Gani ya kori ji.

Hanyar ita ce titin Kano zuwa Zariya, a karya kwana a Kwanar Dangora a bi ta Tudun Wada, a ratsa dajin Falgore a kan hanyar da ke zuwa Saminaka da Jos, sannan a shiga ta Riruwai. Daga birnin Kano ya wuce kilomita 150, ku kuma da kuke kudu kun rage wani abu. Da tsaye-tsayen shingen jami'an tsaro da na fitsari, ku lissafa awa uku zuwa huɗu. Dajin Falgore shi ne wurin da ke buƙatar hankali, domin an sha samun fashi da satar mutane a cikinsa a shekarun baya, kuma yanayinsa yana canzawa. Ƙa'idar guda ce: a ratsa shi da rana tsaka, tsakanin ƙarfe tara na safe da uku na yamma, lokacin da motoci suke da yawa a hanya, kuma ba a tsayawa a ciki don hoto ko alwala. Sati ɗaya kafin tafiya a tura namiji tashar da ake lodin Doguwa ya tambayi direbobi halin hanya, a sake tambaya ana jibi. Direban da ke bin hanya kullum ya fi kowa sanin gaskiyarta. In suka ce a dakata, a dakata, kuɗin bai lalace ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. An gama girbi, akwai kuɗi a hannu, ciyawa ta fara bushewa ana ganin bakin ramuka, hanyoyin ƙasa sun tsane. Da damina tsofaffin ramuka na cika da ruwa, ciyawa ta rufe su, gefensu ya yi laushi. Da bazara kuma hawan dutse zai wahalar da dattijai. Sai dai sanyin hunturu a can ya fi namu, kowa ta riƙe bargo da rigar sanyi da man shafawa. In yawancinku 'yan Islamiyya ne masu hutun Alhamis da Juma'a, ku sani ranar Juma'a masu gari ba su da sukunin baƙi kafin a sauko daga masallaci. Asabar da Lahadi sun fi sauƙi.

Kada ku faɗa garin haka kawai. Dagacinku ko mai unguwarku ya rubuta takarda, ko ya yi waya, zuwa ga masu sarautar garin: mata kaza daga gari kaza za su zo ziyarar tarihi ranar kaza. Wannan takardar ce za ta samar muku abubuwa uku da kuɗi ba ya saye cikin sauƙi, wato masauki a cikin gida na mutunci, ɗan rakiya ɗan gari, da dattijon da zai ba ku labari. Kada ku dogara da samun otal. Mata 16 za su wadatu da ɗakuna biyu ko uku a gidan da aka sauke su, kowa da tabarmarta. In akwai wadda take da 'yar uwa da ke aure a yankin, to an samu ƙofa. Ku riƙe goro da tsaraba, sabulu, turmin atamfa ga uwargidan da ta sauke ku, da wani abu a ambulan ga ɗan rakiya. A gaisa da masu gari kafin a je ko'ina, a yi sallama da su kafin a tafi.

A gida kuma, kowace ta nemi izinin maigidanta tun kafin a fara karɓar kuɗi, ba bayan an biya mota ba. Mafi yawan tafiye-tafiyen mata a nan suke wargajewa: an raba kuɗin mota kan mutum 16, ana gobe huɗu suka ce ba a bar su ba, sauran kuma ba su da cikon. Ku yi yarjejeniya tun farko cewa wadda ta fasa bayan an ba direba kafin alƙalami, kason motarta ba ya dawowa, na abinci kaɗai za a mayar mata. Batun muharrami ku kai wa malaminku ya yi muku bayani gwargwadon halin kowace, amma ta fuskar tsari, bas mai cin mutum 18 ya yi muku daidai: ku 16 da maza biyu daga cikin mazajenku ko manyan 'ya'yanku. Su ne za su yi magana a shinge, su kuma kwana wajen direba. Nisan ya wuce mil 48, kimanin kilomita 80, da ake yin ƙasaru a kansa a mazhabar Malikiyya, don haka ku tambayi malam har da yadda za ku haɗa Azahar da La'asar in hanya ta kama.

Motar a ɗauke ta shata daga tasha, da sanin shugabannin ƙungiyar direbobi, a rubuta lambarta da sunan direba a bar wa mutum biyu a gida tare da jerin sunayenku. Ciniki ya fito fili: zuwa da dawowa, kwanan direba, zirga-zirgar cikin gari, da wanda man fetur ke kansa. In ba a faɗi wannan ba, a can za a ce muku zuwa bakin rafi ba ya cikin lissafi. Ku biya rabi kafin tashi, rabi bayan an sauke ku a gida. Namijin da zai raka ku ya duba tayoyi huɗu da safaya, jak, birki da fitila da idonsa ana gobe. A kan jimlar kuɗin mota, abinci da tsaraba, ku ƙara kashi ɗaya cikin biyar na ko-ta-kwana, a raba shi hannun mata biyu, tsabar kuɗi, domin sabis na waya yana yankewa a cikin duwatsu kuma mai POS ba ya da tabbas. Kowace ta riƙe katin shaidarta, na ɗan ƙasa ko na zaɓe.

Ruwan sha ku tafi da naku. Lita uku ga kowace a rana, mutum 18 a kwana biyu ya kama lita 108. Jakar ruwan leda tana da guda 20 na rabin lita, wato lita 10, saboda haka jaka 11, ku cika 12. Kada a sha ko a yi alwala da ruwan tsohon rami ko na kududdufin da ake wanki, komai kyawunsa a ido. Abinci a zaɓi wanda ba ya lalacewa da wuri: dambu, gurasa, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da suga, soyayyen nama, dabino. Fura da nono a sha ta a ranar farko. Shinkafa da wake da aka dafa da asuba aka rufe a kula tana iya kaiwa azahar, amma kada a ajiye ta zuwa dare. Na dare a ba masu masauki kayan miya da awo a dafa tare da su, a nan ne ma hira ta fi daɗi, domin matan garin sun san abin da haƙa ta yi wa gidajensu fiye da yadda maza za su faɗa. A jakar magani a sa farasitamol, gishirin ORS, bandeji, filasta da maganin amai na mota. Mai hawan jini ko ciwon suga ta ɗauki maganinta na kwana uku, ba biyu ba, kuma ta gaya wa shugaba.

A wurin ramuka, dokar ɗan rakiya ita ce doka. A bi sawunsa a layi, shi a gaba, namiji ɗaya a baya. Tsohon rami yakan zama ƙasansa ya fi bakinsa faɗi, saboda masu haƙa suna bin jijiyar ma'adini ta gefe, don haka inda kike tsaye kina leƙe wataƙila ɓawon ƙasa ne a kan kogo. A tsaya aƙalla taku biyar daga baki. Kada kowa ta shiga rami ko kogon haƙa, ko da an ce ba shi da zurfi. Katakon da aka tokare shi ya daɗe da ruɓewa, iskar ciki kuma tana iya zama babu abin shaƙa a cikinta, mutum ya yanke jiki ya faɗi ba tare da ya ji wani wari ba, wanda ya bi shi ceto shi ma ya faɗi. Macizai ma suna son irin wurin. Takalmi ya zama rufaffe mai taushin ƙasa, ba silifas ba. Dogon hijabi mai jan ƙasa yana kama ƙaya yana harɗe ƙafa a gangare, a sa matsakaici, a ɗaura zani sama da idon sawu da wando a ciki.

In kuka iske inda ake niƙa dutse, ku tsaya ta inda iska ke fitowa, ba inda take kai ƙura ba, da takunkumi a hanci, kuma kada ku daɗe. Dutsen Riruwai ma yana ɗauke da wasu ƙarafa ban da kuza, har da dalma a wasu wurare. Ba a cin abinci ko goro a wurin, sai an wanke hannu da sabulu. Abin da ake yawan mantawa shi ne dawowa gida: ƙurar tana bin takalmi da gefen zani har ɗakin da jariri yake. Kowace ta riƙe leda biyu, ɗaya ta takalmi, ɗaya ta kayan da ta sa a wurin, ta canza kafin ta shiga mota, a gida ta wanke su daban, ta yi wanka kafin ta ɗauki yaro. Kada a ɗebo yashi ko dutse mai ƙyalli a kawo wa yara tsaraba.

Idan wata rana tsaro ya inganta kuka je ainihin wurin zinare, akwai ƙarin abu guda. Bayan wanki, masu haƙa suna zuba zaiba, ƙarfen nan mai gudu kamar ruwa, a cikin garin da ya rage, ta kama zinaren su dunƙule, a matse a ƙyalle, sannan a ƙona dunƙulen zaibar ta tashi ta bar zinaren. Hayaƙin nan ba shi da launi ba shi da wari, takunkumin yadi ba ya tare shi, yana kuma lalata jijiyoyi da ƙoda. Mutane sun fi son kallon wannan matakin domin a nan zinaren ke bayyana, shi ne kuma wanda ya kamata a yi nesa da shi.

Kusan ko'ina ake haƙa za a samu mai nuna muku wani abu rawaya a ƙullin leda ya ce zinare ne zai sayar da araha. Kada ku saya. Akwai dutse mai ƙyalli kamar zinare da ke ruɗar har maza, bambancinsu shi ne zinare in an buga shi da guduma yana bajewa, wancan kuwa yana farfashewa ya zama baƙin gari. Ko na gaske ne, ɗanyen zinare ba a san tsarkinsa sai an gwada an narka, kuma dokar ma'adinai ta 2007 ta sa sayen ɗanyen ma'adini sai da lasisi. Mai son zinare ta je wurin masu sayarwa a birni, a auna mata a gabanta, a faɗa mata karat 18 ne ko 21 ko 22, a ba ta rasit. Naku gwala-gwalan kuma ku bar su a gida. Hoton mutane sai da izininsu, musamman mata da masu aiki a rami, kuma kada a ɗora komai a WhatsApp ko Facebook sai kun dawo, domin hoton yana faɗa wa wanda ba ku sani ba inda za ku kwana.

Tsarin kwanakin zai iya zama haka. Asabar a tashi ƙarfe bakwai bayan an karya, a ratsa Falgore da hantsi, a isa kafin azahar. Gaisuwa, sallah, abinci, sannan bayan la'asar a zauna da dattijon da aka tanada. Ku tafi da tambayoyinku a rubuce, ku naɗa wadda za ta rubuta amsa ko ta ɗauki murya in ya yarda: wa ya fara haƙa, nawa ake biyan lebura a zamanin kamfani, wane aiki mata suke yi, me ya faru da garin da aka rufe aikin. Lahadi da sassafe, kafin rana ta yi zafi, a je ramuka da bakin rafi, awa biyu zuwa uku sun isa. A dawo a canza kaya, a ci abinci, a yi sallama, mota ta tashi kafin ƙarfe ɗaya. In akwai sauran rana, madatsar ruwa ta Tiga da aka gina a farkon shekarun 1970 ba ta da nisa da hanyarku ta komawa, ita ce kuma ke shayar da gonakin rani na yankin Kura da Bunkure. In kuwa tashin ya makara har ba za ku iya ratsa Falgore kafin ƙarfe uku ba, ku sake kwana, ku kira gida ku faɗa, ku taso da safe.